Daga Fata Zuwa Baki: Asalin Haƙori

 

Jawabina zai fara ne da tambaya: me ya sa haƙori, mai ƙarfin da yake fasa ƙashi, yake zogi idan ruwan sanyi ya taɓa shi? Masana kimiyya sun samo amsar a cikin burbushin kifayen dā da suka daskare a duwatsu.

Fiye da shekara miliyan 450 da suka wuce, akwai kifaye marasa muƙamuƙi, ba su da haƙori ko ɗaya a baki. Abin da suke da shi sulke ne na ƙashi, mai 'yan ƙuraje masu tauri a bisansa. An yi waɗannan ƙuraje da dantin, wato sinadarin nan da ke ƙarƙashin farin ɓawon haƙoranmu. A shekarar 2025 masana na Jami'ar Shikago da ke Amurka, ƙarƙashin Yara Haridy da Neil Shubin, sun leƙa cikin ƙurajen, suka ga 'yan ƙananan hanyoyi irin waɗanda ke kai saƙo ga jijiya. Ashe da su ne kifin yake jin abin da ke faruwa a ruwan da ke kewaye da shi.

Da muƙamuƙi ya samu, sai irin wannan halitta ta bayyana a cikin baki, ta zama makamin kamu da cizo. A shekarar 2022 aka ba da labarin haƙoran wani kifi mai suna Qianodus daga lardin Guizhou na ƙasar Sin, masu shekara miliyan 439. Har yau fatar kifin shak cike take da 'yan mitsi-mitsin haƙora, shi ya sa take da kaushi.

To, jama'a, haƙori ya fara aikin ji tun kafin ya fara tauna. Saboda haka zoginsa gargaɗi ne: sau da yawa ɓawon ne ya zaizaye, ko kogo ya samu, dantin ya fito fili. Shi shak yana sake haƙora muddin ransa. Mu kuwa daga famfara ɗaya an gama, guda 32 ɗin nan su ke nan.

Don haka mu riƙe asuwaki da buroshi, mu rage wa yaranmu alewa, kuma da an ji zogi a je asibiti tun kafin a kai ga cirewa.