Jawabi a Kan Wayar Sigarin Lantarki da Lokacin Sake Ta

Sigarin lantarki, wanda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙago a 2003, yau ya iso hannun samari a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu. A cikinsa akwai wata 'yar waya murɗaɗɗiya haɗe da auduga. Ita ce ke samun zafi daga batir, ta mai da ruwan nikotin tururi.

Wannan waya ba ta daɗewa. Ga mai yawan zuƙa galibi mako 1 zuwa 2 take yi. Alamun mutuwarta huɗu ne, watau ƙauri a baki, da raguwar tururi, da yoyo, da ruwan ya yi duhu. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, lalle ne ya sake ta nan da nan, sa'an nan ya bar sabuwar ta jiƙa minti 5 zuwa 10 kafin ya kunna. Wanda ya ƙi sakewa don tsimin kuɗi kuwa, huhunsa ne zai biya, domin idan audugar ta bushe ta ƙone, zafi kan rikiɗar da ruwan ya fid da guba mai ƙona maƙogwaro da huhu.

Amma fa a sani, sabuwar waya ba ta raba ruwan da nikotin mai sa jaraba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa sigarin nan yana cutarwa. Saboda haka abin da ya fi ga mai sha shi ne ya je asibiti, likita ya taimake shi ya bari.