Teku Da Tsibirin Ikko: Ina Aka Kwana?

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamai, dattawa da sauran 'yan'uwa.

An nemi in yi muku bayani a kan shirin da Gwamnatin Jihar Legas take yi na kare tsibiran nan daga ruwa. Mu mutanen tudu ne, mun saba da roƙon ruwa. To, ga shi neman abinci ya kawo mu inda ruwa ne yake neman ƙasa, sai mu san halinsa.

Dattawan cikinku sun san Bar Beach tun tana filin rairayi. Abin da ya cinye ta ya samo asali tun zamanin Turawa. Tsakanin 1908 da 1912 aka gina dogayen shingayen duwatsu a bakin mashigar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe hanyar tasha. Yashin gaɓar nan kuwa daga yamma yake gangarowa zuwa gabas. Da aka tare shi sai ya taru a yamma, gabas ta rasa mai cike mata abin da igiyar ruwa take ɗiba. Haka teku ya yi ta ci, har wajen 2005 ya riƙa haurowa kan titin Ahmadu Bello, watau wanda aka raɗa wa sunan Sardauna, a tsibirin Victoria.

A kan wannan kuma ga ɗumamar duniya. Masana sun auna, sun ce daga 1901 zuwa 2018 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, kusan taƙi guda ke nan. Wani zai ce taƙi guda me zai yi? A garin da unguwanni da yawa suke daf da tsayin ruwa, taƙi guda shi ne tsakanin kwata mai zubarwa da kwata mai dawo da ruwa cikin ɗaki. Ƙasar kanta tana lotsawa a wurare, saboda fadama ce aka cike, ga kuma yawan rijiyoyin burtsatse.

An yi aiki, kada mu ƙi faɗi. A 2008 aka soma ginin Eko Atlantic, aka cike teku da yashi, aka sa ganuwa wadda aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8 da rabi, an jera mata curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Tun da ta tsaya, titin Ahmadu Bello ya huta. A Fabrairun 2020 gwamnati ta fitar da tsarinta na jure wa bala'o'i, ta bi shi da shirin sauyin yanayi na 2020 zuwa 2025. A Janairun 2024 kuma ta hana fararen robobin nan da ake zuba abinci a ci a yar, don su ne suke cushe magudanai. Masu sayar da abinci a cikinmu sun ji jiki, na sani, amma wanda ya ga abin da ake kwasowa daga kwata ba zai yi gardama ba.

Sai dai ganuwa tana da ƙarshe, kuma ruwa ya san inda ta ƙare. A watan Agustan 2012 teku ya tumbatsa cikin dare a Kuramo, ya tafi da rayuka. Mutanen Okun Alfa, can gabas ta wajen Lekki, sun daɗe suna kukan teku yana cinye musu gidaje, wasunsu suna ɗora laifin a kan ganuwar, masu ginin kuwa suna musawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda akan yi da talaka in an tashi gyara. A Yulin 1990 aka rushe Maroko, bisa hujjar cewa wurin kwari ne mai haɗarin ambaliya, aka tashi mutum wajen 300,000. Ku je ku ga irin gidajen da suke wurin yau. Otodo Gbame ta bi baya a 2016 da 2017, Tarkwa Bay a Janairun 2020. Maigadi da ɗan dako da mai shayi ba su da takardar fili, saboda haka in an zana taswirar waɗanda za a kare, babu sunansu a ciki.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Kowace unguwa, daga Obalende har Idumota, ta rubuta mutanenta da inda suke kwana, musamman masu kwana a rumfuna da gindin gada, a ajiye takardar wurinka, a kai kwafi ofishin ƙaramar hukuma. In hukuma ta kira taron jin ra'ayi kan magudanai, mu aika da wakilai masu jin Yarbanci da Turanci. Ruwan Ikko ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, saboda haka a gama rubutun kafin ƙarshen Afrilu.