Lissafin Abu Biyu Da Ba A San Kuɗinsu Ba

Jawabi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci



Yau za mu yi wani lissafi da ake kira aljabara. Kada sunan ya ba ku tsoro. Daga Larabci ya fito, daga littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. A cikinsa har da lissafin ciniki da rabon gado.

Ga misali. Maƙwabta biyu sun aiki mutum ɗaya sayen taki. Ya kawo wa na farko buhun kamfa 2 da na yuriya 1, ya ce naira dubu 130. Ya kawo wa na biyu kamfa 3 da yuriya 2, ya ce dubu 210. Bai faɗi kuɗin kowane buhu ba. To, yanzu ƙanenka yana son ka sayar masa da buhun yuriya a kuɗin da ka saya. Nawa za ka ce? In ka yi ka-cici-ka-cici, ko ka cuce shi, ko ka cuci kanka.

Ku ɗauki fensir. Mu sa K a madadin kuɗin kamfa, Y a madadin na yuriya.

2K + 1Y = 130
3K + 2Y = 210

Dabarar ita ce a daidaita yuriya a layukan nan biyu. Da na farko ya ninka sayayyarsa, da ya sami kamfa 4 da yuriya 2 a kan dubu 260. Kun gani? Yanzu kowa yana da yuriya 2. Bambancinsu buhun kamfa ɗaya ne kawai. A ɗebe 210 daga 260, saura 50. Ashe kamfa dubu 50 ne.

Sauran mai sauƙi ne. Kamfa 2 dubu 100 ke nan. A ɗebe daga 130, yuriya ya tsaya dubu 30.

Kada ku rufe littafi tukuna, a gwada da layi na biyu. Kamfa 3 dubu 150, yuriya 2 dubu 60. An haɗa, 210. Ya yi daidai.

Amma fa sai in farashi ɗaya aka saya wa su biyun. In kasuwa ta tashi a tsakani, lissafin ya rushe.

Ga aikin gida. Wata mata tana da kaji da awaki. Kawunansu 10, ƙafafunsu 28. Kaji nawa, awaki nawa? Ku zo da amsa a zama na gaba.

Wassalam.