Ciwon gwiwa da ƙugu: abin da salula take iyawa
Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Gazawa, Agye da Gidan Rumji



Jawabin yau a kan ciwon gwiwa da ƙugu ne, wanda ake ce ma sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Babu garin da ba shi da mai wannan ciwo. Ga tsoho, in ya duƙa noman hatsi sai an kama shi ya miƙe. Ga tsohuwa, ta bar zuwa rijiya, salla ma a zaune take yi.

A bakin ƙashi akwai guringuntsi mai santsi. Shi ke sa gaɓa ta motsa ba wahala. Tsufa, nauyin jiki, tsohon targaɗe, yawan tsuguno da ɗaukar kaya, su ke sa ya zaizaye. Sai gwiwa ta riƙe, ta yi ƙara, ta yi ciwo. Ba jifa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 528 ke da shi, kuma 60 cikin 100 mata ne.

Yanzu an shirya wasu manhajoji domin masu wannan ciwo. Manhaja wani ɗan tsari ne da ake sawa cikin babbar salula, wadda ake shafawa da yatsa. Aikinta uku ne. Tana nuna hoton yadda ake motsa ƙafa. Tana tuna wa mutum in lokaci ya yi. Tana ajiye lissafin kwanakin da ya yi da yadda ciwon yake.

A 2021 malaman jami'ar Malbon, a ƙasar Ostareliya, sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 206 masu ciwon gwiwa. Rabinsu an ba su tsarin motsa jiki ta intanet, ana kuma aika musu ɗan saƙo ta salula don kada su manta. Sauran bayani kawai aka ba su. Bayan mako 24, 'yan rabin farko sun fi samun sauƙin ciwo da sauƙin tafiya.

To, a lura da kyau. Ba salula ce ta ba su sauƙi ba, motsin ne. Naman cinya in ya yi ƙarfi, shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Wanda ya kwanta don tsoron ciwo, cinyarsa sai ta saki, ciwon ya ƙaru.

Yawancin manhajojin nan da Ingilishi suke. Suna cin kuɗin mega, ga caji sai an kai kasuwa. Amma wanda ya iya karatu da rubutu bai rasa komai ba. Ƙaramar salula tana da agogo mai ƙara. Kaye da alƙalami su riƙe lissafi.

Ga yadda za a yi. Mutum ya zauna bisa kujera. Ya miƙe ƙafa ɗaya sosai, ya ƙirga 5, ya sauke a hankali. Ya yi sau 10, ya koma ɗayar. Sannan ya tashi tsaye, ya zauna, sau 10. In kujerar gajera ce, a samu mai tsawo ko a zauna bakin gado. A haɗa da 'yar tafiya kowace rana. A yi bayan sallar asuba ko bayan la'asar, lokacin da ba a mantawa. Ranar da aka yi, a ja layi cikin kaye, a rubuta ciwon: kaɗan, tsaka-tsaka ko da yawa. Ɗan ciwo lokacin motsi ba laifi ba ne. In ya kai gobe bai lafa ba, a rage. Sauƙin ba ya zuwa a mako ɗaya, sai an jure wata biyu ko uku. Mai sanda ya riƙe ta a hannun da ba gefen ciwon ba.

Akwai masu aiko murya da bidiyo ta WhatsApp, wai suna da maganin da ke mayar da gwiwa sabuwa. A riƙe kuɗi. Har yau ba a samu ƙwayar da ke mayar da guringuntsin da ya zaizaye ba. Ƙwayoyin ciwon jiki na masu tebur, irin su diklofenak, in an daɗe ana sha suna ɓata ciki da ƙoda. Tramol kuwa kama mutum yake yi, ya kasa bari. Magani sai wanda likita ya rubuta, kuma in za a je a tafi da kayen a nuna masa.

In gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga masassara, wannan wani ciwo ne daban. A kai mutum likita ran nan. Haka yaro ko saurayi mai ciwon ƙugu yana ɗingishi: a auna jininsa, don sikila tana cin ƙashin ƙugu. In abin ya fi ƙarfin likitar gari, za su ba da takarda zuwa babban asibiti a Maraɗi.