Tsallen Sama a Makarantunmu: A Nemi Katifa Kafin a Koyi Salo



A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, wani ɗan Amurka mai suna Dick Fosbury ya sheƙo a guje, ya juya wa sanda baya, ya haye ta da ka, ya faɗi rigingine. Mita 2.24 ya tsallake, ya ci zinariya. Yau kusan duk gwanayen tsallen sama da salonsa suke aiki. Da shi Javier Sotomayor na Kuba ya kafa bajintar duniya ta mita 2.45 a 1993, wadda har yanzu ba a karya ba, kuma da shi Yaroslava Mahuchikh ta Yukiren ta haye mita 2.10 a 2024.

Masu kallo sun fi lura da gantsarewar da ake yi a sama, alhali aikin a ƙasa yake. Mai tsalle yakan yi taku takwas zuwa goma sha biyu. Yana farawa a miƙe, sannan ya lanƙwasa gudunsa a takun ƙarshe, jikinsa ya karkata nesa da sanda. Idan ya dasa ƙafar da ta fi nisa da sandar, wannan karkacewa ce ke miƙewa ta juya shi a iska. Takun ƙarshe gajere ne mai sauri, kuma doka ta ce da ƙafa ɗaya ake tashi. Da zarar ƙafar ta bar ƙasa, babu abin da zai ƙara masa tsawo. Amfanin gantsarewa shi ne jiki ya wuce gaɓa-gaɓa, kai, kafaɗa, ƙugu, sai ƙafafu, ba sai an ɗaga shi duka a lokaci guda ba.

To amma fa a kan me ake sauka? A kan kafaɗa da gadon baya. Salon Fosbury bai samu karɓuwa ba sai da katifar soso mai kauri ta maye gurbin yashi da garin katako. Mu kuwa, a yawancin makarantunmu ramin yashi ake da shi, wanda ke ƙanƙamewa da rani. Yaro ya ga salon a wayar yayansa, ranar gasar gidajen makaranta ya gwada, ya sauka a kan wuya. Malamin da ya bar haka ta faru ya yi ganganci.

Inda babu katifa, a koyar da salon almakashi: a haye da ƙafa ɗaya, ɗayar ta biyo, a dira a tsaye. Kada ku raina shi. Yana koyar da gudu da dasa ƙafa da tashi tsaye, kuma manyan 'yan wasa ma da shi suke motsa jiki.

Tun kafin Fosbury Najeriya ta yi suna a wannan wasa. Joshua Majekodunmi ya ci azurfa a gasar ƙasashen daular Ingila ta 1950 a Auckland. A 1954, a Vancouver, Emmanuel Ifeajuna ya ci zinariya da mita 2.03, Nafiu Osagie ya ɗauko tagulla.  A ɓangaren mata, Doreen Amata ta ci zinariya a wasannin Afirka na 2007 da 2011.

Roƙona ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da na tsofaffin ɗalibai: makarantu uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi katifar tsalle ta gaskiya, su riƙa karɓa-karɓa. Kafin ta iso, malamai, ku hana yaranmu tsalle da baya.