Jawabi kan garkar da mai saye ke tsinka da hannunshi

Iyayenmu dattawa, malamai, da ku ƴan uwa da kunka taso daga Yamai, Kwatano da Ikko, sannunku da hanya. Ƙungiya ta aike mu, mu ƴan kwamiti, mu gano garkar wani gida nan cikin fadama, wadda ake ta zancenta. Mun je, ga abin da munka gani.

Kun fi mu sani, bayan yunwar 1984, sa'ad da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa ma kowa shi kama noman rani, garake sunka yawaita cikin Dallol Mawri, don ruwanmu ba shi da zurfi. Mangwaro da lemu da gwaba da anka dasa tun lokacin ga sun zama manyan itatuwa. To, wa ke cin moriyarsu? Tun cikin sanyi, itace na fure, ɗan kasuwa shi zo shi saye shi dungum, kuɗɗi hannu. Mai garka shi karɓa, don rumbu ya fara sauka. In Afirilu ya kama, mota ta zo ta kwashe, ɗiyan gida na kallo, ba su da ikon taɓa ko ƙwara guda.

Mutanen gidan ga sun ƙi wannan ciniki. Kwana biyu cikin mako suna buɗe ƙofa. Mai saye shi shiga, a ba shi bokiti, shi zaɓi abin da ranshi ke so, shi biya wurin fita. Tsohuwar gidan ke zaune bakin ƙofa da kwanon kuɗɗi, kuma mun lura ba a yi mata wayo. Ɗanta na biye da baƙi da gora mai ƙugiya. Dokarsu ukku ce: ba jifa, ba hawa, ba girgiza. Mangwaron da ya faɗi ƙasa ya ƙuje, ba shi daɗewa shi ruɓe. Shi ya sa ake cire shi da ɗan hancinshi, don kar ruwan itacen shi ƙone mishi baya. Mata kuwa zogala suke tsinka.

Bakin darni sun shuka furanni. Gaskiya mun yi dariya, munka ce wa ke cin fure a Kore Mairuwa? Saurayin, wanda ya yi aikin rainon itace a Yamai, ya ce ma'aikata na saye, balle tun da Tibiri ta zama dapartama a 2011. Kuma fure na jawo ƙudan zuma, su kuwa suna taimakon lemu shi kama ɗiya. Abin ba baƙo ba ne a duniya: a Faransa, kusa da birnin Bersai, akwai gonar Gally inda mutanen Pari ke zuwa su tsinki tuffa da furanni da kansu, a auna musu.

Inda wuyar take, iyayenmu, ita ce kunya. A al'adarmu wanda ya shiga garka ba shi fita hannu banza. Yaya za ka ce ma surukinka ko ƙanen babanka shi biya? Su dai sun ware itace guda bakin ƙofa, na dangi da almajirai. Sauran duka na sayarwa ne, ko hakimi ya zo. Mu a ganinmu dabarar ta yi. Amma sai kun sa baki za ta zauna, in ba haka ba gobe a ce ma mutanen ga marowata, su ji kunya su koma ga ɗan kasuwa.

Ku kuma ƴan uwa na bisa hanya, gudron Yamai zuwa Ƙonni ta cikin garinmu ta ratsa, masu saye ba su yankewa. Abin da garaken gidajenku ke biɗa shi ne waya ta tsare dabbobi, da rijiyar siminti, da famfo mai aiki da rana ga mai hali. Kwamiti na roƙon kowane gida da ke da garkar gado wadda ba a raba ba shi zauna kanta kafin ku koma, shi faɗa ma sakatare wanda zai tsare ta bana.