Tsohuwar Boksi: Gyaran Cikinta Da Kayan Gwanjo

Yau hirarmu ta nufi ƙasar Sudan, garin Abu Hujar a jihar Sinnar, a gaɓar Shuɗin Nilu, kan hanyar da ta tashi daga Singa ta nufi Damazin. Ga 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi da ba su san yankin ba, Hausawa sun daɗe a nan. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi gabas da jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo kakanninsu, noman audugar Jazira ya riƙe su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925.

A waɗannan ƙauyuka akwai motar da kowa ya sani. A can gida a-kori-kura ake ce mata, a nan kuwa boksi, kuma yawanci Toyota Hilux ce. Ita ke kwaso riɗi da dawa daga gonakin Dali da Mazmum, ita ke ɗaukar fasinja ranar kasuwa, in naƙuda ta tashi da tsakar dare ma ita ake tasa zuwa asibiti. Amma ka leƙa cikin tsohuwarta ka gani. Inji ana ririta shi, ciki kuwa an bar wa Allah: kujera ta lotsa an cusa tsumma, ƙofa da igiya ake ɗaure ta, ƙasan motar kana hango titi ta ciki. To malam direba, da kai nake. Sabon kaya ya fi ƙarfin aljihu, mun sani. Na gwanjo zai yi maka aiki, da sharaɗi biyu: ka bi gyaran daki-daki, kuma ka san inda kayan ya fito.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da abin da ido ke gani. Mutum ya samu kuɗin riɗi, sai ya wuce wajen mai kushin a yi masa sabuwar riga mai tunku, alhali ƙarfen da kujerar ke zaune a kai ya ruɓe. Ka fara da kwashe komai: kujera, ledar ƙasa, marafan ƙofa. Ka share, ka wanke, ka bar shi ya bushe. Baƙar lakar yankin nan tana bin takalmi ta shiga mota tun daga farkon damina, ta maƙale a ƙarƙashin leda tana riƙe da danshi, tsatsa kuma tana cin ƙarfe a ɓoye. Ka ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa, musamman wajen ƙafar direba da gindin ƙofa. Inda ya huje, mai walda ya yanke wurin ya sa faci na ƙarfe, a shafa fentin tsatsa. Kar ka rufe rami da kwali ka ce an gama. Ta wannan ramin hayaƙin salansa ke shigowa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Direba ya ji ciwon kai da gyangyaɗi, ya ɗauka gajiya ce, alhali motarsa ce ke shaƙe shi.

Daga nan sai waya. Kafin ka taɓa komai ka cire kan batir, na ƙasa tukuna. Motar da ke dakon hatsi ba ta rabuwa da ɓera, shi kuwa ɓera ba ya barin rigar waya. Duk inda ka ga an ƙulla waya an naɗe da ledar kasuwa, a yanke a haɗa da dalma, a rufe da tef. Sannan ka buɗe akwatin fis. Na rantse a mota goma za ka samu wadda aka cire fis ɗinta aka maye shi da zaren waya ko takardar kwalin sigari. Ai fis an yi shi ne don ya ƙone kafin mota ta ƙone. Masu ƙafa biyu ɗin nan launinsu na gaya maka ƙarfinsu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Ka mayar da irin wanda aka rubuta a marfin akwatin. Abu ne da kuɗinsa bai kai na shayi ba.

Yanzu ne za ka tafi neman kaya. A Najeriya a ce Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A nan kuwa unguwannin makanikai na Singa da Sinnar da Wad Madani ake nufa, wajen masu kwance mota, abin da mutanen ƙasar ke kira tashli'i. Ka tafi da tsohon kayan a hannunka, da lambar jikin motarka a rubuce. Hilux ba guda ɗaya ba ce. Tun 1968 ake ƙera ta, kuma fasalinta ya sauya sau da dama. Kayan ƙirar 1983 zuwa 1988 ba lallai su hau kan ta 1988 zuwa 1997 ba, haka kujerar mai gida ɗaya daban take da ta mai gida biyu. Ka kuma lura da gefen sitiyari. Sudan ta koma tuƙi ta hannun dama a 1973, shekara guda bayan Najeriya, don haka sitiyarinmu yana hagu. In aka sayar maka da dashbod na motar da sitiyarinta ke dama, ka sayi abin ajiya ne kawai.

Kujera ta gwanjo, ka kifa ta ka duba ƙarfenta da layin da take zamewa a kai. Soso da riga kowane mai kushin zai yi maka. Ka zaɓi yadi mai kauri irin na tanti. Leda tana da kyan gani, amma ranar Afrilu in mota ta yini a waje, zama a kanta sai mai haƙuri. A ɗaure kujerar da notinta a ramukanta na asali, kar a like ta da walda. Bel kuwa, ka zaro shi gaba ɗaya ka duba ko ya zare ko ya ƙone, sannan ka fizge shi da ƙarfi. In bai cije ba, ajiye musu. Wanda aka ciro daga motar da ta yi mummunan karo, ko kyauta ne kar ka karɓa, ya riga ya yi aikinsa sau ɗaya. Marfin ƙofa ba sai ka saya ba, kafinta zai yanka maka shi a fallen katako bisa girman tsohon. Ka dai sa leda a bayansa saboda ruwa, ka nemi robar bakin ƙofa mai laushi saboda ƙura.

To, ga sharaɗi na biyu, kuma shi ya fi nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, an ƙwace motocin mutane masu yawa, an kwance wasu an sayar gunduwa-gunduwa. Yaƙin ya iso jihar Sinnar: Singa ta faɗa hannun dakarun RSF a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka karɓe ta a Nuwamba. Ke nan kujerar da aka miƙo maka da rabin kuɗi, mai yiwuwa ta wani bawan Allah ce da ya fita daga gidansa a ƙafa, da 'ya'yansa a kafaɗa. Mai yiwuwa ma ɗan ƙauyenku ne, wata rana ya shiga motarka ya gane ɗinkin da matarsa ta yi wa rigar kujerar. Da wane ido za ka dube shi?

Saboda haka ka tambaya. Wace mota aka kwance? Ina takardunta? Wa ya sayar da ita? Mai sana'ar gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, zai ma nuna maka gangar jikin motar da lambarta. Wanda ya ce maka kai dai biya ka tafi, ko ya ce a haɗu bayan magariba, rabu da shi. Ka sayi kaya wajen mai rumfa da aka sani, ka karɓi rasit, ka sami shaida ko mutum ɗaya. Malamanmu sun sha faɗa cewa sayen kayan sata da sani haramun ne, Hausawa kuma suka ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. In ba ka samu mai tsabta ba, gara kafinta da mai walda su ƙera maka abin da zai riƙe ka zuwa baɗi.

Lokacin wannan aiki shi ne rani, bayan an sayar da amfanin gona, kafin ruwan Yuni ya sauka hanya ta zama taɓo. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuɗi ba su isa duka ba, ka yi ƙasan mota da waya bana, kujera da bel su biyo baya, rediyo da labule su jira.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye hanya, ya mayar wa kowa abin da ya rasa, ya zaunar da Sudan lafiya.